Malam, 'yan kallo sun ƙaunaci Baturen, in fasa wasan ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo, aikin kammala karatuna kuma shi ne in shirya John Bull's Other Island na George Bernard Shaw a dandamali. Makon jiya muka yi gwajin farko a gaban 'yan ajinmu, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da Tim Haffigan ya fito yana ta surutu yana kwankwaɗar wiski, ɗakin ya ɗauki shewa. Da aka zo labarin alade a mota, har da masu riƙe ciki. Aka tashi kowa yana cewa Broadbent, Baturen Ingila, shi ne mutumin kirki a wasan, 'yan Ailan kuwa mashaya ne, ragwaye, 'yan tsegumi. Na kai kukana wurin wani da ya girme ni a fannin, ya ce in kwantar da hankalina, wasan barkwancin maƙwabta ne kawai, irin na Fulani da Barebari. Takardar taƙaitawa da muka saya ma haka ta ce. Malam, hankalina ya ƙi kwanciya. Ina tsoron in hau dandamali in taya mai mulkin mallaka yi wa wanda ya mallaka dariya. Saura sati biyar. In fasa in nemi wani wasan, ko akwai abin da na kasa gani?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki fasa wasan nan. Rashin barcinki shaida ce cewa kin karanta shi daidai. Wanda ya ce ki kwantar da hankalinki shi ne bai karanta ba, ko ya karanta bai ji ba. Dariyar da kika ji a ɗakin gwaji kuma ba a kanki ta fara ba. Wasan ya fara hawa dandamali a gidan wasa na Royal Court da ke Landan cikin Nuwamban 1904, Turawan Ingila suka cika gidan suna ƙyaƙyatawa. Firayim Ministan lokacin, Arthur Balfour, wanda ya taɓa riƙe ragamar Ailan daga 1887 zuwa 1891 har aka yi masa laƙabi da mai zubar da jini, ya kalla ya sake komawa ya kalla. A Maris 1905 aka shirya wa Sarki Edward na Bakwai nasa kallon na musamman, labarin da ya shahara kuma shi ne ya yi ta dariya har kujerarsa ta karye. Kin ga waɗanda aka yi wa zambon su ne suka fi kowa jin daɗinsa. Wannan ciwon yana jikin wasan tun ranar da aka haife shi, kuma duk mai shirya shi sai ya san inda ciwon yake kafin ya taɓa shi.

Mu sallami Haffigan tukuna, don nasa mai sauƙi ne. Ina kyautata zaton kin datse jawabin da Larry Doyle, ɗan Ailan abokin aikin Broadbent, ya yi bayan fitarsa, saboda kusan duk ɗalibin da ya zo mini da wannan kukan ya datse shi, wai ya yi tsawo. To a cikin jawabin nan ne Doyle yake gaya wa Broadbent cewa Haffigan a Glasgow aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Ailan ba, kuma duk gaishe-gaishen nan na zaƙin baki da yake yi babu mutumin Ailan da ke yin su a gida. A gidajen wasa da gidajen rawa na Ingila ake koyon su, don an gano Bature zai bar ka ka ci ka sha a aljihunsa muddin za ka yi masa wauta ka tabbatar masa cewa ya fi ka. Ki koma ki duba umarnin da Shaw ya rubuta wa ɗan wasa a daidai lokacin da Doyle ya shigo ofis: harshen Haffigan sai ya warware, karin Ailan ya zube, na Glasgow ya leƙo, ya nemi hanyar fita. Kin san jerin da ya fito daga ciki, tun daga Kyaftin Macmorris na Shakespeare a Henry V, zuwa Teague bara a The Committee na Robert Howard, zuwa Sir Lucius O'Trigger mai neman faɗa a The Rivals na 1775. Shaw ya ɗauko wannan tsohon dodon ne ya tsayar da shi a tsakiyar dandamali ya yaye masa riga a kashi na ɗaya. Idan kika bar 'yan kallo suka yi dariyar rigar, sannan kika cire wurin yayewar, kin ba su rabin magana, kuma rabin da ya fi muni.

Yanzu ga abin da ya sa na ture sauran wasiƙu na ɗauki taki. Maganar nan ta cewa ba'ar da Turawan Ingila suka yi wa 'yan Ailan a dandamali barkwancin maƙwabta ce, irin ta Fulani da Barebari, na gaji da jin ta. Ina jin ta a aji, ina ganin ta a takardun jarrabawa, na gan ta a kundin digiri har da sa hannun mai dubawa. Kowace shekara sai ta dawo, kuma daga wuri ɗaya take fitowa, daga takardun taƙaitawa da ake sayarwa a bakin ƙofar makarantu, waɗanda masu rubuta su ba su taɓa buɗe wasan ba. Wani ya kwafo shafi biyu daga intanet, ya ga an ce wasan ban dariya ne tsakanin al'umma biyu, ya lalubo misali mafi kusa da hannunsa ya liƙa, ya buga ya sayar. Ɗalibi ya haddace, ya ci jarrabawa, gobe ya zama malami ya koyar da ita. Wallahi abin yana ci mini rai, domin an ɗauki ɗaya daga cikin kyawawan al'adunmu an yi wa zalunci lulluɓi da ita.

Ke kin san wasan taubasai, ba sai na koya miki ba, amma ki tsaya ki dubi yadda aka gina shi. Bafulatani ya ce wa Babarbare bawana, Babarbare ya mayar masa nan take, a gaban jama'a, fuska da fuska, kowa ya yi dariya. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bazazzagi yana da tasa a baki tana jira. Bagobiri da Bayarabe haka. Babu wanda yake da iko shi kaɗai da bakin magana. Fushi haramun ne a ciki, cutarwa ma haramun ce. Abokin wasanka idan ya sauka garinku baƙo, kai ne mai ba shi masauki, idan rigima ta taso kai ne mai shiga tsakani. Har kuɗin shara da ake karɓa a watan cika-ciki alama ce ta cewa akwai haƙƙi a tsakani, an san juna, an yarda da juna. Wasan yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, ikon ramawa da amana. To ki ɗauki ma'aunin nan ki ɗora a kan Ingila da Ailan ki gani ko zai zauna.

A shekarar 1641 kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙasar noma a Ailan yana hannun 'yan Katolika, wato mafi yawan 'yan ƙasa. Zuwa 1703 ya koma kashi 14. Tsakanin shekarun nan biyu akwai Cromwell, jagoran sojojin Ingila, da kisan Drogheda na 1649 da ƙwace gonaki ana raba wa sojoji da 'yan kaka-gida. A cikin shekarun nan ne kuma Teague yake yawo a dandamalin Landan yana ba mutane dariya da karyayyen Turancinsa. A 1801 aka rufe majalisar Dublin aka haɗe ƙasar da Birtaniya. Daga 1845 cuta ta kama dankalin nan da mu muke kira dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakan Ailan safe da dare. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtukanta, fiye da miliyan suka tsallaka teku, alhali jiragen ruwa suna fita daga tashoshin ƙasar ɗauke da hatsi da dabbobi. Ƙasar da aka ƙirga mutum fiye da miliyan 8 a 1841, da aka zo 1901 ba ta kai miliyan 4 da rabi ba. A cikin wannan zamanin mujallar Punch take zana mutumin Ailan da muƙamuƙin biri da kulki a hannu. A 1860 Charles Kingsley, limamin coci kuma marubucin da ake girmamawa a Ingila, ya rubuta wa matarsa wasiƙa daga Ailan yana cewa birai masu siffar mutane da ya gani a hanya sun hana shi sakat, kuma abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne farare ne, da baƙaƙe ne da abin bai dame shi haka ba. Ki sake karanta jimlar nan a hankali, 'yata, domin da mu da su duka muna cikinta. Wane taubashi ne yake magana haka?

Ba'ar dandamali ba ta zaman kanta take yi ba, aiki take yi. Mutumin da aka shekara ɗari biyu ana nuna maka shi a matsayin mashayi, malalaci, mai saurin fushi, mai daɗin hira amma marar lissafi, ranar da aka ce maka bai isa ya mulki kansa ba ba za ka yi gardama ba. Ranar da aka ce yunwarsa laifin lalacinsa ce, za ka gyaɗa kai. Dariyar ita ke share fili kafin doka ta zo ta yi shuka. Kuma mai ramawa fa? Gidajen wasan da ke biyan kuɗi suna Landan, 'yan kallon da ke sayen tikiti Turawan Ingila ne. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta wannan dodon 'yan Ailan ne da kansu. Farquhar ɗan Derry ne, Sheridan ɗan Dublin ne, Boucicault ma haka. Wasu na kawo mini wannan a matsayin hujja, wai ai su da kansu suke yi. Wannan hujja ce a kan masu kawo ta. Mutum ya sayar da wautar ƙarya don ya ci abinci a kasuwar da ba tasa ba, shi ne ainihin abin da Doyle ya bayyana a kan Haffigan. Boucicault ya yi ƙoƙarin juya abin, a The Shaughraun na 1874 ya sa ɗan iskan ƙauye ya fi hafsan Ingila wayo, amma ko shi a cikin rigar da aka ɗinka masa ya yi rawar. Shi ya sa da marubutan Ailan Yeats da Lady Gregory da Edward Martyn suka tashi kafa gidan wasan ƙasa a ƙarshen ƙarni na 19, abin da suka rubuta a takardar neman taimako shi ne za su nuna cewa Ailan ba gidan wawanci da tausayin banza ba ce kamar yadda aka daɗe ana nuna ta. Mutanen da suke jin wasan taubasai ake yi da su ba sa kafa gidan wasa don su wanke kansu daga shi.

Idan kina son ma'auni daga gida, ki bar Fulani da Barebari, ki tuna maigadin nan da ake sakawa a wasu finafinan kudu, da hula a karkace da rediyo a kunne da Turanci a karye, ana kiran sa aboki, shi kuma ba shi da aiki sai buɗe ƙofa da faɗin shirme. Ki tuna yadda cikinki yake yi idan kin gan shi. Ki tuna kuma yadda namu finafinan suke yi wa baƙauye da makiyayi, don mu ma ba mu tsira ba. Wannan shi ne ɗan'uwan Teague. Haɗarin da nake gani a wannan gurguwar fahimta ya wuce faɗuwa jarrabawa. Ɗalibin da aka koya wa cewa raini idan ya zo da murmushi zumunci ne, an kashe masa wata jijiya. Gobe za a raina shi da fara'a ya ce wasa ake yi, jibi shi ma zai raina na ƙasa da shi ya ce wasa yake yi.

Daga nan sai rabin kuskuren na biyu, wanda 'yan ajinku suka faɗa ciki, cewa Broadbent mutumin kirki ne saboda yana son Ailan. Yana son ta, ba ƙarya. Shaw bai rubuta mugu mai haɗe fuska ba, da ya yi haka da wasan ya mutu tuni. Broadbent ɗan jam'iyyar sassauci ne, mai goyon bayan a ba Ailan mulkin cikin gida, zuciyarsa tana narkewa idan ya ji muryar Nora, 'yar Ailan ɗin nan ta cikin wasan. Amma ki saurari yadda yake faɗin goyon bayan nasa. A wurinsa mulkin kai zai yi wa Ailan abin mamaki ne a ƙarƙashin jagorancin Ingila, kuma wajibin Turawan Ingila ne su ba da baiwarsu ta iya mulki ga al'ummomin da ba a yi musu wannan baiwar ba. Ki duba kuma abin da ya fara yi a wasan. Tun kafin Haffigan ya shigo, ya tambayi baransa Hodson inda bindigarsa take, aka ce Doyle yana danne takardu da ita, ya ce a saka masa ita a kaya, a nemo harsasai a haɗa. Me zai kai shi Rosscullen, garin su Doyle a Ailan? Karɓe gidan gona da aka jinginar aka kasa fansa. Mai zuwa gidan abokin wasa ba ya tafiya da bindiga da takardar jingina.

Doyle ya ba ki mabuɗin mutumin nan tun a kashi na ɗaya, da misalin tsutsar ganye. Tsutsa idan ta hau bishiya sai ta mayar da kanta kamar ganye, abokan gaba su wuce ta, ita kuwa ta yi ta ci. Bature, in ji Doyle, haka yake yi, ya mayar da kansa kamar wawa, a yi ta yi masa dariya a ƙyale shi, shi kuma ya cinye wawayen gaske a natse. Duk sauran wasan tabbatar da wannan misalin ne. Ki yi lissafin abin da kowa ya tashi da shi. Nora Reilly, mai fam 40 a shekara da garin ke kallo a matsayin magajiya, ta yi shekara 18 tana jiran Doyle, Broadbent ya nemi aurenta a daren farko da ya gan ta kusa da tsohuwar hasumiya, kafin a tashi ya same ta, nan take kuma ya ratsa gari da ita a hannu yana gaisawa da masu ƙuri'a. Takarar kujerar majalisa, wadda aka fara tunanin ba Doyle, ta koma hannunsa. Ƙasar kuma kamfaninsu zai ba sababbin masu gonaki bashin da ya fi ƙarfinsu, idan suka kasa biya ya karɓe, a gina otal da filin wasan golf. Ki tuna dokar ƙasa ta Wyndham ta 1903, shekara ɗaya kafin wasan, ita ta ba manoma hanyar sayen gonakin da suke haya da bashin gwamnati. Kowa yana murna an rabu da tsohon mai ƙasa, Shaw yana nuna musu wanda ke tahowa a bayansa, mai mota da fara'a da takardar banki.

Labarin aladen nan da ya sa 'yan ajinku riƙe ciki, shi ne tarkon da Shaw ya ɗana wa 'yan kallo, kuma sun faɗa, kamar yadda ya so. Broadbent don neman farin jini ya ɗauki aladen wani manomin garin, Matthew Haffigan (ba Tim ba), a motarsa, alade ya firgita, mota ta ƙwace, aka yi ɓarna a gari, dabbar ta mutu. Ba a nuna mana ba, Barney Doran ne yake ba da labarin ana ta shewa, ana cewa ya sake. A ɗakin akwai Keegan, limamin da aka tuɓe, wanda garin ke kira mahaukaci don yana hira da fara, shi bai yi dariya ba, Nora ma ba ta yi ba. Shi yake tambayar abin da ke da daɗi a cikin firgita da azaba da mutuwa. Sai Broadbent ya shigo da fuskarsa a natse, bai ma san shi ake yi wa dariya ba, ya yi jawabin godiya, kuma abin da kowa ya zata zai kashe masa takara shi ya ƙara masa jama'a. Garin ya yi dariya ya ƙoshi, shi ya tafi da kujera. Idan 'yan kallonki suka yi dariya tare da Doran ba laifi, amma dole su ji kunyar dariyar kafin fitowar ta ƙare.

Kada kuma ki gyara kuskure da kuskure ki mayar da 'yan Rosscullen waliyyai. Shaw bai raga musu ba, wannan yana cikin dalilan da suka sa wasan bai hau dandamalin Abbey, gidan wasan ƙasa da ke Dublin, ba a 1904 ko da yake Yeats ne ya roƙe shi ya rubuta, sai a 1916. Matthew Haffigan ya sha wuya a hannun mai ƙasa, da ya sami tasa gonar sai ya zama mai tsananin rowa da raina Patsy Farrell ɗan ƙodago. Fada Dempsey yana juya garin da ɗan yatsa. Hodson kuma ya tuna wa Matthew cewa talakan Landan ma ana watsa masa kaya a titi idan ya kasa biyan haya. Tarihi ma haka yake, 'yan Ailan da yawa sun yi wa daular aiki a ƙasashen wasu. Joyce Cary, haifaffen Derry, jami'in mulki ne a Borgu a nan arewacin Nijeriya, shi ya rubuta Mister Johnson a 1939, inda akawu baƙar fata ya gaji rigar wautar nan da aka daɗe ana saka wa mutanen tsibirin da aka haife shi.

Duk wanda ya ƙara ce miki Shaw raha kawai yake yi, ki buɗe masa doguwar gabatarwar da ya rubuta wa wasan da aka zo buga shi. A ciki ya bar Ailan ya tafi Masar, ƙauyen Denshawai, inda a Yunin 1906 hafsoshin Birtaniya suka je harbin tattabarun mutane, rigima ta tashi, hafsa ɗaya ya mutu, aka kafa kotu ta musamman aka rataye mutum huɗu, aka yi wa wasu bulala a gaban iyalansu, aka ɗaure wasu. Shaw ya zauna ya rubuta wannan dalla-dalla a gaban wasan ban dariya, don mai karatu ya san abin da ke bayan fara'ar Broadbent idan aka ƙi yi masa dariya aka ɗaga masa hannu. A shekarar nan ta 1906 aka yi Satiru a ƙasar Sakkwato, shekara uku bayan faɗuwar Kano. Daula ɗaya ce, zamani ɗaya.

Don babin nazari na kundinki, ki ajiye Translations na Brian Friel kusa da shi, wanda aka fara nunawa a Derry a 1980. An kafa shi a 1833, sojojin safiyo suna zana taswira suna mayar da sunayen garuruwa zuwa Turanci, abin da duk wanda ya ga Sakkwato ta koma Sokoto a takarda zai gane ba tare da dogon bayani ba. Kyaftin Lancey yana yi wa 'yan makarantar ƙauye magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yara, wani tsoho ya yi tambaya da Latin, Lancey ya amsa cewa shi ba ya jin harshen Ailan. Owen tafinta yana sassauta jawabin soja ya mayar da shi mai daɗin ji. Laftana Yolland kuwa jinin Broadbent ne ta wajen ƙaunar ƙasar, sai dai shi Friel bai bar shi ya tsira ba, kuma da ya ɓace, Lancey ya karanto sunayen ƙauyukan da za a rushe.

Sati biyar ya ishe ki. Ki mayar da jawabin Doyle cikakke, ki sa mai fitowa a Haffigan ya yi ta gwada warwarewar harshen nan har sai na kujerar baya ya ji mutum biyu ne a baki ɗaya. Idan kwamitin sashenku ya matsa sai an rage tsawon wasan, kamar yadda suka saba ba tare da sun karanta ba, ki rage daga muhawarar siyasar kashi na uku, kada ki bari a taɓa bindiga, ko tsutsa, ko hirar ƙarshe da Keegan. Bindigar nan a fito da ita a gani, a saka ta a jaka a gaban 'yan kallo, jakar kuma ta bi Broadbent har Rosscullen. Kada ki sa ɗan wasanki ya mayar da shi mugu, ki ba wanda ya fi kowa farin jini a ajinku, a so shi sosai, domin sai an so shi zambon yake kamawa. A fitowar alade ki zaunar da Keegan a gaba, kusa da 'yan kallo, haske a fuskarsa, masu shewa a bayansa, kuma bayan maganarsa ki bar shiru ya yi tsawo har mutane su fara motsi a kujera.

A ƙarshe Keegan zai zayyana musu yadda otal ɗin zai karye, masu hannun jari su yi asara, kamfanin ya sake saye da arha, ya juya ya tafi. Broadbent zai bi shi da kallon sha'awa ya ce tsohon nan zai ja masu yawon buɗe ido, sannan ya kira Doyle su je su zaɓi inda za a gina otal. Wannan ce jimlar ƙarshe a wasan. Ya faɗe ta da murna tsakani da Allah, kada ki sa kiɗa a bayanta, kada ki yi saurin kashe fitila. Ki bar Patsy Farrell ya shigo da igiyar awo da turaku a kafaɗa ya bi su a baya. Idan kin yi gwaji na biyu ki rubuto mini abin da 'yan ajin suka ce. Allah ya ba da sa'a.